Rakiyar Suruki Zuwa Indiya da Baƙin Ƙurjin da Ya Ɓoye

Tun da na dawo ba ni da sakat a fada, wato majalisarmu ta shan shayi. Duk wanda muka haɗu, kafin ya yi mini barka da hanya sai ya ce, "Malam, yaya Indiya? Da gaske kan titi suka rawa?" Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga, har mai shayinmu ya fara gyara mini in na yi tsallake. Amma duk sanda na ba da shi da baki, akwai wurin da nake kewayewa saboda nauyinsa, kuma wurin nan shi ne labarin. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Na nemi izinin mai abin, ya ba ni.

Ba yawon buɗe ido na je ba, surukina na raka. Mahaifin matata Barira ne, dillalin shanu a Birnin Lalle, kuma ba zan kama sunansa ba, Baba Alhaji nake ce masa. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa kai loma baki a gabansa ba. In na hango shi a kara ranar kasuwar Dakoro, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa yana kallon wata saniya. Shekarun baya wani bijimi ya tunkuyi gwiwarsa ta hagu, abu ya yi ta ci har sallah ta koma a zaune. Likitocin Maraɗi da na Yamai suka ce sai an sa masa gwiwar ƙarfe, aka ba da shawarar Indiya. 'Ya'yansa maza, har babbansu Lawali, ba mai jin ko Faransanci, ni kuwa Ingilishi nake koyarwa a kolej, ga hutun damina ya zo. Ba a ma yi dogon taro ba, aka ce Malam ne.

Ranar tashi Barira ta biyo ni har zaure. "Amana ce na ba ka," in ji ta. "Yadda ka tahi da shi, haka za ka maido mani shi." Na ce in Allah ya so, ina ji kamar an aza mini buhun gero a ka.

Wahalar farko tun a kar, babbar motar fasinja ta Maraɗi zuwa Yamai, ta fara. Kujerunmu a jere suke, cinya na gogar cinya, wuni guda cur. Na takure jikin taga har wuyana ya sage. Da aka tsaya cin abinci a Ƙonni na sayo masa nama da biredi, ni kuma na zagaya bayan wani shago in ci nawa inda ba zai gan ni ba. Ina cikin suɗe hannu na ji oda, na leƙo, kar ta fara tafiya. Na bi ta da gudu, takalmi ɗaya a hannu, fasinja na ta dariya. Da na zauna ina haki, Baba Alhaji bai dube ni ba, ya dai ce wa kujerar gaba, "Mutum shi ci abincinai cikin mota ai ba laihi ba ne."

A Yamai muka yi mako guda wajen biza da katin allurar shawara. Daga nan jirgi ya kai mu Habasha, muka sake wani zuwa Delhi. Tsohon da bai taɓa tsoron bijimi ba sai ga shi ya riƙe hannun kujera yana salati duk sanda jirgi ya yi gargada. A filin jirgin Delhi ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jakarsa ya ci karo da ƙullin kilishi wanda matarsa Hajiya ta naɗe da takarda har ninki uku. Ya sansana, ya tambaye ni naman mene ne. Ni da gaskiyata na ce na sa ne. Mutumin ya ajiye shi a hankali kamar ya taɓa wuta, ya ce ba a shiga da nama.

"Mi ya ce?" in ji Baba Alhaji.

"Wai ba a shiga da shi, Baba."

"Ka ce mashi shi ɗanɗana tukuna, na Dakoro ne."

Ban fassara ba. Kilishi dai ya zauna a Delhi, mu muka wuce.

Asibitin yana wani gari arewa da Delhi, tafiyar rabin wuni a jirgin ƙasa, kusa da gindin duwatsu. Su ma damina ce a wurinsu, ko'ina kore shar, ruwa ba ya gajiya. Muka kama ɗaki a wani gida da ake ba masu jinya haya, sai ga shi ɗaki ɗaya ne, gado biyu. Na ja katifata na fitar baranda. Mai gidan ya ɗauka faɗa muka yi, ya zo sulhu. Da na yi masa bayanin surukuta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su a ƙauyukansu amarya ce ke rufe fuska in ta ga uban miji, bai taɓa jin ƙato mai gemu yana gudun suruki ba. Ya kawo mini gidan sauro da tabarmar tare feshi.

Abincinsu akwai wake iri-iri da waina mai faɗi ta alkama, ga yaji kamar da gayya. Da hannu suke ci kamar mu, shayinsu kuma rabi madara ne. Nama sai ka nema, in ka samu ma na kaji ne ko akuya. Ni ban sha wuya ba. Baba Alhaji kuwa kwana uku ya yi yana tambayar inda ake saida fura.

Likitan ƙashi ya duba shi ya ce sukarinsa ya hau, ba za a yi aiki ba sai ya sauka, mu jira mako uku. Mutumin da ya saba wuni cikin ƙaho da ƙura aka ce ya zauna ɗaki yana kallon fanka. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shanun da ke kwance tsakiyar titi, motoci na kauce musu. "Malam, waɗanga ba su da mai su? Dubi wancan, ko bijimin Azawak sai haka. A bar dukiya tana cin leda!"

Allah ya kawo masa sauƙi ta bayan gida. Akwai wani fili mai doguwar ciyawa inda wani mai saida madara, Ramesh, yake kiwon ɓaunayensa, baƙaƙe masu lanƙwasasshen ƙaho. Kwana biyu Baba Alhaji yana leƙensu ta taga, rana ta uku ya ɗauki sanda ya ɗingisa ya tafi. Da na bi sawu na tarar ya buɗe bakin wata yana duba haƙora, Ramesh na nuna masa yatsu huɗu, shi yana girgiza kai yana nuna shida. Aka kira matar Ramesh ta raba gardama, ta ce shida ne. Daga ranar suka ƙulla abota, ba mai jin yaren wani, amma sai su yi hantsi suna hira da hannu. Na kai masa tabarma ya ce ta jiƙe, a bar ta. Ya tattare riga ya zauna dirshan cikin ciyawa kamar yadda yake zama a makiyayar Bader Gula. A gidan Ramesh ne kuma ya ga gero a kwando, irin namu sak, ya ɗebo a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

Wajen kwana goma sha biyu da fara zaman nan, ya tashi da masassara da ciwon kai.

"Palu ne," in ji shi. "Damana ce. Ɗauko maganin ga da munka saye Maraɗi."

Na ce ko mu leƙa asibiti, tunda ga shi kusa.

"Su ƙara ɗage mani aiki? Kak ka hwaɗa ma kowa. Shekara nawa nika palu, kwana ukku ne."

Na ɗauko masa maganin, kuma a nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mu a wurinmu duk zafin jiki na damina palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, ba ma tambaya. Ni ma haka na ɗauka. Ya shanye maganin kwana uku, zazzaɓi ko gezau. Idanunsa suka yi ja, tari ya shigo, in na yi magana sai na maimaita don kunnensa ya yi nauyi. Na lura tafiyarsa ta sake, yana ware ƙafar dama, alhali ta hagu ce mai ciwo. Na lura kullum safe da yamma sai ya sa na dafa ruwan zafi ya shiga da shi makewayi ya daɗe. Duk na gani. Amma yaya za a yi in tambayi uban matata abin da yake yi da ruwan zafi a makewayi? Na kawar da kai na ce tsufa ne.

Rana ta shida da fara zazzaɓin, da hantsi, Ramesh ya zo da kwanon madara, don ya ga abokinsa shiru. Ya shiga ɗaki ya dafa goshinsa, ya saurari yadda numfashi ke fita sama-sama. Sai ya juyo kaina ya rufe ni da faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na san na ci zagin. Ya fita da gudu ya tsaido adaidaita, ya sungumi Baba Alhaji kamar ɗan maraƙi, ya bar ɓaunayensa ba mai tsaro.

Ɗakin masu zazzaɓi cike yake maƙil, har da gadaje a baranda, yawanci manoma da matansu. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta girmi ƙanwar Barira ba, amma idonta a tsaye yake. Aka ɗebi jini, ba a daɗe ba ta dawo ta ce babu palu ko kaɗan. Ta tambaya ko yana zama cikin ciyawa. Kafin in buɗe baki Ramesh ya ba ta amsa mai tsawo.

Ta nuna mini gadajen da hannu. Ta ce a irin wannan lokaci, cikin waɗanda ake kwantarwa da zazzaɓin da ba palu ba, da yawansu cuta ɗaya ce ke kawo su, suna ce mata sikirab taifus, kuma ba ita ce taifod ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne na cikin ciyawa, dangin kaska, wanda ido bai cika ganinsa ba. Inda ya ciza yakan bar ƙurji mai baƙin ɓawo kamar ƙunar sigari, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma ya fi son wuraren da tufa ke rufewa. Ta ce gwajin da zai tabbatar sai jibi zai fito, ƙirjin tsohon nan kuwa ba zai jira jibi ba. Akwai wasu zazzaɓin da ke kama da wannan, tana son ta san wanda za ta bi. In an ga ƙurjin, magana ta ƙare. "Tambaye shi," ta ce.

Na durƙusa bakin gado, kaina a ƙasa. "Baba, wai ko akwai wani wuri da ka damunka ga jiki?"

"Babu."

Na ce mata ya ce babu. Ta dube ni ta ce, "Abin da na faɗa ya fi wannan tsawo. Ka tambaye shi abin da na tambaya?" Ta sa safar hannu ta duba bayan kunne da wuya da hammata, ba komai. Tana kai hannu wajen ƙugu, tsohon da ko kofi ba ya iya ɗagawa ya damƙe mazagin wandonsa da hannu biyu.

"Mace? Gaban Malam? Gara a maishe ni gida cikin akwati."

Wannan kam na fassara mata duka. Na ƙara da cewa ni mijin 'yarsa ne, a wurinmu ko hannun rigarsa ba na iya kallo. Ta ce to in na fita ai ba mai fassara, in na zauna kuma ba zai yarda ba. Muka yi cirko-cirko, numfashinsa na ƙara sama.

Wani tsohon ma'aikacin jinya mai rawani da farin gemu yana gefe yana saurare. Ya yi wa likitar magana a hankali, ta ja da baya. Ya jawo labule ya kewaye gadon, ya shiga shi kaɗai. Sannan ya leƙo ya ajiye mini kujera a waje, ya juya bayanta ga labulen, ya dafa kafaɗata na zauna ina fuskantar bango. Ya ce, "Yanzu yi magana."

Na tuna Barira a zaure, na ga kaina ina sauka tashar Dakoro da sanda da jaka babu mai su. Na ɗaga murya saboda kunnensa.

"Baba, ka gahwarce ni. Yau ba surukinka ba ne ka magana, bakin likita ne. Akwai ƙurji mai baƙin kai ƙasan cibiya, ko ga matsematsi, ko ga maraina? Ɗiyarka ta ba ni amanarka. In ka ɓoye, ban san mi za ni ce mata ba."

Na ɗauka ma bai ji ba. Can sai muryarsa ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa.

"Akwai. Matsematsi, wajen dama. Ya kai kwana takwas, har da kaluluwa. Na aza kaska ce, shi ne nika gasawa da ruwan zahi." Ya yi tari. "Wa za ni hwaɗa ma, Malam? Duk ƙasar ga kai ɗai ka jin Hausa."

Na fassara ina kallon bango, hawaye na zuba kan rigata. Tsohon mai rawani ya duba, ya fito ya gyaɗa wa likita kai, ya kwatanta mata da ɗan yatsa. Nan take aka fara magani. Da na ga kwalin sai na gane shi, don irinsa na sha gani a farmasin Dakoro, ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Likitar ta ce ai maganin ba shi ne wuya ba, sanin cutar ne, kuma da mun ƙara kwana biyu a ɗaki da zancen ya sha bamban. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

Kwana biyu yana kwance da robar iska a hanci, sannan zazzaɓi ya karye, gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf. Gwajin da ya fito ya tabbatar da maganarta. Sai dai ya yi laushi ƙwarai, ko juyawa ba ya yi da kansa. A ɗakin nan ma'aikata ba sa isa, kowane majinyaci danginsa ke ɗawainiya da shi, Baba Alhaji kuwa ba shi da dangi sai ni. Tsohon mai rawani ya nuna mini sau ɗaya yadda ake yi, ya miƙo mini tawul da roba. Mako guda ni ke kai masa fo in zubar, ni ke goge masa jiki tun daga wuya har tafin ƙafa, ni ke sake masa wando. In na fara sai ya rufe ido, ni kuma in sa nawa a kan tawul.

Cikinsa ya ƙi karɓar komai nasu. Na je gidan Ramesh na roƙi garin gero, na nuna wa matarsa yadda ake dama kunu, da tsamiya, don su ma suna da ita. Na farko ya yi gudaji, na biyu ya yi ruwa, na uku kuwa ko a Birnin Lalle sai haka. Kullum da hantsi sai ga Ramesh da kwano a naɗe cikin ƙyalle, ya zauna bakin gado yana ba abokinsa labarin ɓaunaye da hannu. Na yi na yi ya karɓi wani abu, ya haɗe tafukansa a ƙirji ya ƙi. Ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, amma ban san ranar da zan daina yi wa mutumin nan da matarsa fatan alheri ba.

Aikin gwiwa sai da aka ƙara wata guda, har aka koma lakwal, wato makaranta, ba ni, na yi ta waya da darakta yana ba ni haƙuri maimakon ni in ba shi. Aka yi aiki lafiya. Kafin mu taho na koma ɗakin masu zazzaɓi yin sallama. Tsohon mai rawani ya rungume ni. Likitar ta ce ba ta san ko wannan cuta tana ƙasarmu ba, amma inda duk ake zama da dabbobi da kaska akwai zazzaɓin da ba na sauro ba, don haka in gwaji ya ce ba palu, a daina ɗura maganin palu, a tuɓe majinyaci a duba. Na kawo saƙon ga majon likitarmu ta unguwa, wato babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya rubuta a littafinsa. Baba Alhaji ya cire hular da ya je Makka da ita ya kafa wa Ramesh, ta yi masa yawa har kunne, suka tsaya suna riƙe da hannun juna mai adaidaita na ta oda.

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Ƙonni cikin kar na ci abincina. Muka isa Birnin Lalle da la'asar, gari ya fito. Barira ta zo tun jiya tana jira. Da ta ga mahaifinta ya sauko da ƙafarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, dillalai da maƙwabta da liman suka kewaye shi, kowa na son ya taɓa gwiwar ƙarfe. Ni na samu gefe can baya na zauna, ina jiran a lafa in yi sallama in wuce Dakoro.

Sai na ji ya kira babban ɗansa. "Lawali, matso. Liman, kai ma ka zama shaida."



"Na ga mutuwa ƙasar mutane, Allah bai yi ba. Amma tana nan tahe. Randa ta zo, kak ku yi gardama bisa wanda za shi yi mani wanka. Malam ne."

Lawali ya ɗago kai. "Baba, muna raye? Suruki fa ne."

"Na san ko wane ne," in ji Baba Alhaji. "Ya riga ya iya."

Bai dube ni ba, ni ma ban ɗago ba. Liman ya ce a shafa fatiha, na ɗaga hannuwana na ce amin ƙasa-ƙasa.